Dokar Ɗakin Takaba

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai yawan baƙi, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a kira shi mai tausayi. Wasu sarakuna yaƙi ne abin alfaharinsu, wasu tarin dukiya, shi kuwa wannan, in kana son ganin haƙoransa, to ka ce a gabansa ba a taɓa yin sarki mai taushin zuciya irinsa ba. Kuma tsakani da Allah ba mugu ba ne. Tausayin yana da shi, sai dai irin mai gaggawar nan ne, wanda ba ya tsayawa shawara.

Birnin nan, saboda girman kasuwarsa, rabin mutanensa ba su da gidan kansu, a haya suke zaune. Al'adar garin kuwa kowa ya san ta. Ana kama ɗaki daga kaka zuwa kaka. Mai gida shi ke da yaɓen rufi kafin damina, da gyaran indararo, da yashe rijiya. Ɗan haya shi ke da biyan abin da aka yi alkawari, da share tsakar gida, da hana akuyarsa goga jiki a bangon mutane. In shekara ta zagayo, kowane ɗayansu na da ikon ya ce ya isa haka, a rabu lafiya. In kuwa ɗan haya ya mutu ya bar mata, ba wata doka a kai, amma dattawan unguwa kan taru su je wa mai gida da gaisuwa, su roƙe shi ya bar ta ta yi takabarta a ɗakin da mijinta ya bar ta, wata huɗu da kwana goma, kamar yadda addini ya tanada. Dangin mamaci su kawo abin da ya samu, maƙwabta su ɗan ƙara, mai gida ya yafe saura, a sa masa albarka, kowa ya kama gabansa. Da wuya ka ji an ce an fitar da mai takaba.

Ana nan ana nan, sai wata shekara da damina ba ta yi kyau ba, wani mai sayar da kanwa ya rasu daidai cikar shekarar hayarsa. Matarsa, Ladingo, baƙuwa ce a garin, ba dangin iya ba na baba, maƙwabta kuma kowa ta kansa yake yi. Mai gidan, wani tsoho ne ana ce masa Nomau, idonsa ya fara dushewa, ba gona ba sana'a. Ɗakin nan guda da ya gada shi ke ciyar da shi, shi kansa a zaure yake kwana. Da ya ce zai sa wani a ɗakin, Ladingo ta ɗora hannu a ka, mai unguwa ya kasa sasantawa, magana ta kai fada.

Aka kawo Ladingo lulluɓe, tana kuka ƙasa-ƙasa. Aka jawo Nomau da sandarsa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya dube shi ya ce, "Kai ne Nomau, mai korar mace tun ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba?"

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban ƙi ta ba. Mijinta mutumin kirki ne, da ni aka kai shi makwancinsa. Amma ɗakin nan shi ne gonata, shi ne rumbuna. Ita za ta yi takaba, cikina kuwa ba ya takaba. In akwai wanda zai riƙa ba ni tuwo har ta fita, wallahi ta zauna, ko shekara take so."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarki kuwa ransa ya ɓaci, don kukan Ladingo ya riga ya cika masa kunne, bai ji ƙarshen maganar tsohon ba. Nan take ya yanke hukunci ta zauna, ba a karɓar mata ko ƙwayar gero. Bai tsaya nan ba, ya sa aka kira sanƙira, ya ce a zaga gari a yi shela: daga yau, duk ɗan hayan da ya mutu ya bar mata, ɗakin nata ne har ta gama takaba, mai gida ba shi da ikon fitar da ita, ba shi da ikon neman komai a hannunta ko a hannun danginta.

Waziri ya matso ya ce, "Ya sarki, hukuncin ya yi kyau ta gaba, sai dai ban ga bayansa ba tukuna."

Sarki ya ce, "Kai dai Waziri ba ka rasa ‘sai dai'. A yi shela."

Aka yi shela. Mata suka yi guɗa, maroƙa suka tsara waƙa, suna ce masa uban marayu, bangon gwauraye, inuwar mai takaba. Nomau ya koma zaurensa, ya shiga bin gidajen suna da na biki don ya sami na sawa a baka. Wannan kam ba wanda ya sa shi a waƙa.

To, ka san in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Masu gidaje suka ga abin da ya sami Nomau, ba wanda ya ce uffan, wa ya isa ya ja da sarki? Sai dai da kaka ta zagayo, aka fara ganin sabon salo a garin. Mutum ya zo neman ɗaki, ba a fara tambayarsa sana'arsa ko halinsa, sai a ce, "Kana da iyali?" In ya ce yana da, sai a ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa. Wani mai gida ya ce ka ɗaga masa turmi, wai yana so a matsar da shi gefe. Wani ya ce ka hau tsani ka dubo masa rufi, yana ƙasa yana sauraron numfashinka. Wani ya ja ka da hira mai ban dariya don ya leƙa haƙoranka, kamar mai cinikin rago. Kai jama'a! Tsofaffi suka shiga rina gemu da shuni kafin su fita neman ɗaki, mai tari ya riƙa cika baki da citta yana danne shi har idonsa ya yi ja. Mai haƙar rijiya da mai hawan giginya, ko da ƙarfinsu, in dai da mata, sai su ji, "Ayya, jiya-jiyan nan aka kama." Tuzurai kuwa kakarsu ta yanke saƙa, su da a da ba mai son ba su ɗaki, yanzu har gida ake bin su.

Waɗanda aka ƙi suka rasa inda za su sa kansu. Sai suka riƙa kafa rumfunan zana a gindin dogon bangon da ya miƙe daga fada zuwa masallacin Juma'a, su da matansu da 'yan komatsansu. Sarki na wucewa ta wurin duk Juma'a, amma ya ɗauka masu talla ne.

Wata rana, rani ya yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, sarki na zaune da Waziri, ya ce, "Waziri, tun da na yi dokar nan, mata nawa suka zo nan da kukan an fitar da su?"

Waziri ya ce, "Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"To ina ‘sai dai' ɗinka? Ka taɓa jin mutum ɗaya a garin nan da bai gode mini ba?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, tunda ka tambaya, akwai ɗaya. Wani tsohon malami ne, Malam Arzika, a rumfunan gindin bango yake zaune. Da yawa daga alƙalanmu a gabansa suka yi karatu. Duk lokacin da maroƙa suka wuce suna yabonka kan dokar nan, ba ya zagi, ba ya tsaki, sai dai ya ɗaga hannu ya ce, ‘Allah ya saka wa masu gida.'"

Maganar nan ta tsaya wa sarki a rai. Da aka yi la'asar ya tashi, daga shi sai Waziri, suka taka a ƙasa har gindin bango. Suka tarar da tsoho a bakin wata rumfa, zaune bisa buzu, siriri, gemunsa fari fat, ba alamar shuni. An raba rumfar biyu da zana, daga ciki ana jin motsin mace tana hura wuta. Kafin tsohon ya gama amsa sallama, tari ya sarƙe shi, sai da ya dafa ƙasa.

Da ya lafa, sarki ya ce, "Malam, me ya zaunar da mai ilimi irinka a nan, ga damina ta ƙarato?"

Malam Arzika ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, wani mai tausayi ne ya fitar da ni."

"Mai tausayi ba ya fitar da tsoho."

"Wannan ya fitar, kuma har yau bai san ya yi ba."

Sarki ya ce, "To ka warware mini."

Malam ya ce, "Zan warware, amma bari in tambayi sarki tukuna, in an yi mini izini. Wane tuwo ne wanda ya raba shi ya ƙoshi, wanda aka tuƙa da hatsinsa ya kwana da yunwa?"

Sarki ya yi tunani ya ce, "Ban san shi ba."

"Wace ƙofa ce aka buɗe ta don mutum ɗaya ya shiga, iskar buɗewarta ta rufe sauran ƙofofin gari?"

"Wannan ma ban san ta ba."

"To wane makiyayi ne ya ce kura ba ta taɓa kama masa tunkiya a garke ba, alhali tumakin duk a waje suke kwana?"

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa. Sarki ya ce, "Malam, na ga alama duk ukun gida ɗaya suke kwana. Faɗi, ba abin da zai same ka."

Malam ya gyara zama ya ce, "Ya sarki, tuwon, sadaka ce da kayan wani. Kai ka raba ka sha yabo, Nomau ya kwana da yunwa. Ƙofar, ita ce dokarka. Ka buɗe ta don Ladingo, ta rufe a fuskar duk wani mai mata da ya fara furfura. Makiyayin kuwa, a gafarce ni, shi ne mai cewa ba a fitar da mai takaba ko ɗaya ba. Gaskiya ne, ba a fitar ba. Yanzu tun mijin na raye ake fitar da su tare. Ni tun gemuna na baƙi nake ɗaki ɗaya ni da iyalina, ban taɓa saɓa alkawari ba, mai gidana bai taɓa barin rufina ya yi yoyo ba. Da tarin nan ya kama ni, kaka ta zo, ya shigo ya durƙusa a gabana yana hawaye, ya ce, ‘Malam, ina da 'ya'ya, ka yafe mini.' Na ce tashi, shekara ta cika, haƙƙinka ne."

Sarki ya fusata ya ce, "Faɗa mini sunansa! Yau ɗin nan zai kwana a hannun dogarai."

"In ka doke shi, ya sarki, gobe ba mai sake ba malami ɗaki, za a ce bakinsu na kaiwa fada. Ka ga an ƙara mu a kan masu tari."

"To sai in yi doka, kada mai gida ya kuskura ya ƙi tsoho."

"Sai su ce ɗakin na ajiyar hatsi ne, ko su ɗaure jaki a ciki, ko su bar rufin ya rufta. Za ka sa dogari a bakin kowane ɗaki ne? Doka bisa doka, ya sarki, faci ne bisa faci, rigar ba ta komawa sabuwa."

Sarki ya sassauta murya ya ce, "To bar wannan. Ku tashi kai da iyalinka, akwai ɗakuna a fada, ku zaɓi wanda ya yi muku."

Malam ya juya wajen zanar ya ce, "Tabawa, kin ji abin da sarki ya ce."

Daga ciki matar ta amsa, muryarta a natse, "Na ji, Malam. Allah ya saka wa sarki. Amma ni ɗakin da za mu biya nake so, wanda in ya yi yoyo zan iya aika wa mai gida in ce a zo a gyara. Wa zai aika wa sarki ya ce rufinka na zuba?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka ji, ya sarki, ta riga ni. Baƙo da alfarma yake zaune, ɗan haya kuwa da haƙƙi. Alfarma ranar da aka ga dama ake janye ta. Sannan ka dubi bangon nan har ƙarshensa. In ka ɗauke ni, su fa? Duk fada za ka kai su?"

Sarki ya ɗaga kai, a karon farko ya dubi rumfunan da kyau. Ba tire, ba faifan talla. Tsofaffi ne zaune jugum-jugum, mata na leƙowa ta bayan zana, ga tukwane, ga tabarmi a naɗe. Kunya ta kama shi, ya ce, "To ni laifina ne da na ji tausayin mace? In bar ta a titi?"

Malam ya ce, "Haba, ya sarki, wa ya ce? Mai takaba tana da haƙƙin ɗaki, wannan ba gardama. Tambayar ita ce, a wuyan wa haƙƙin yake? Yana kan abin da mijinta ya bari. In bai bar komai ba, danginsa. In babu dangi, to sarki, don shi ne waliyyin wanda ba shi da waliyyi. Mai gida ba ya cikin jerin nan, sai in ya sa kansa don neman lada. Da can suna sa kansu, ana roƙonsu, ana sa musu albarka. Kai ka zo ka ɗauke roƙon, ka ɗauke albarkar, ka bar musu asarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa nake musu addu'a, don ban ji wani na yi ba. Kayan naka ne, ya sarki, ka ɗora wa jakin wani, jakin ya gudu, yanzu kayan na ƙasa, mu ne nan."

"To mene ne magani?"

"Ka sake shela. Ka ce mai takaba ta zauna, sarki ne zai biya mai gida daga rumbunsa. Ranar da suka ji haka, mai tari zai fi tuzuru daraja, don bayansa akwai sarki. Amma ka hanzarta, ka ga gabas."

Sarki ya dubi gabas, ya ga hadari ya yi baƙi. Ya tashi ya yi sallama, suka koma fada.

To a nan ne fa aka yi abin takaici. Sarki ya gane gaskiya sarai, ba inda ta shige masa duhu. Amma da ya zauna a kan karaga, ya tuna waƙar maroƙa, ya tuna yadda ya ƙyale Nomau a durƙushe a gaban jama'a, sai abin ya yi masa nauyi. Washegari Waziri ya ce, "Ya sarki, in kira sanƙira?" Sarki ya ce, "Magana biyu ba ta yi wa sarki kyau, Waziri. Bari a nemi yadda za a tsara ta, kada a ce jiya na yi kuskure." Aka tara malaman fada su tsara lafazi. Wannan ya ce a ce ƙari ne, wancan ya ce a ce bayani ne, wani ya ce a jira Juma'a a faɗa bayan huɗuba, ya fi armashi. Juma'a ta zo, sarki ya ce lafazin bai kwanta masa ba, a kai ta gaba. Hadari kuwa ba ya zaman fada, balle ya jira a tsara lafazi.

Ran nan da azahar iska ta taso, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya kwashe zanaki, ya kashe murhu, ya bi gindin bango ya jiƙa duk abin da ke wurin. Tabawa ta lulluɓe mijinta da zanenta da tabarma, amma ina! Sanyi ya riga ya shiga ƙirji. Kwana kaɗan, da hantsi, Malam Arzika ya cika.

Waziri ne ya kawo labari. Bai ƙara komai a kai ba, bai kuma ce "sai dai" ba. Sarki ya ce a kira sanƙira, ya faɗa masa da bakinsa, ba tsari ba ado: "Ka ce sarki ya yi kuskure. Ka ce mai takaba ta zauna, sarki zai biya. Ka ce duk mai gidan da aka zauna masa a ɗaki tun ranar dokar farko ya zo a sallame shi, a fara da Nomau."

Aka yi shela, kuma abin da tsohon ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kafin Malam ya kwana biyu a kabarinsa, masu gidaje sun fara zuwa gindin bango da kansu suna neman masu furfura. Wanda jiya aka sa shi ɗaga turmi, yau shi ake ɗaukar wa kaya. Rumfuna suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, har bangon ya koma fili, sai rumfa guda.

Sarki ya tafi da kansa, tare da Waziri da alƙali. Ya tsaya daga waje ya yi ta'aziyya ta bayan zana, sannan ya ce, "Baiwar Allah, mai gidanku na da ya zo, ya yaɓe ɗakin, ya ce ƙofa a buɗe take. Ni zan biya, ba alfarma ba ce, haƙƙinki ne. Ki tashi a kai ki."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Malam ya karantar da ni cewa mace na yin takaba ne a inda mijinta ya bar ta. To a nan ya bar ni."

Alƙali ya ce, "Inna, shari'a ta yi rangwame. In wuri ba ya kare mutum daga ruwa, ya halatta ki tashi."

Ta ce, "Na sani, ɗana, a gabana aka koya maka wannan babin. Izini ne, ba tilas ba. Ɗakin nan Malam ya nema yana numfashi bai samu ba. Ba zan shige shi ni kaɗai ba."

Sarki ya juya ya ce a kira Sarkin Magina, ya ce masa, "Tunda ba za ta je wa ɗaki ba, ɗaki ya zo mata. A tayar da bango a kewaye rumfar nan, a rufe, kafin Juma'a."

Sarkin Magina ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini aikin gafara. Tubali ba ya bushewa da damina. In na ɗora da safe, ruwan yamma zai mai da shi laka, ya rufto mata. Sai kaka."

"Ko da umarnina?"

"Ko da umarninka, ranka ya daɗe."

Ba yadda sarki ya iya. Abin da ya samu yi shi ne ya sa aka kawo sababbin zanaki da ciyawa aka ƙara wa rumfar, aka haƙa 'yar kwata ruwa ya riƙa bi ta gefe. A nan Tabawa ta yi takabarta, damina guda cur, ita kaɗai a gindin bangon nan mai tsawo. Duk Juma'a sarki ya wuce ta wurin zuwa masallaci, ya ga hayaƙin murhunta na fita ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. In an kawo daidai nan, sai ya ɗaga hannu maroƙa su yi shiru, a wuce ba kiɗa ba kirari.

An ce wata Juma'a, suna wucewa ana yayyafi, sarki ya ce wa Waziri, "Na yi alheri da abin da ba nawa ba, na yi jinkiri da abin da yake nawa. Ka riƙe wannan ka faɗa wa wanda zai gaje ni: adalci shi ne mai umarni ya fara sa kansa a ƙarƙashin kayan. Tausayi da ɗakin wani kuwa, zalunci ne da rawani."